Laifin Nesa Da Laifin Kusa

Idan mutum ya bar birnin Kano ya bi hanyar Zariya a tsakiyar rani, sa'ad da ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, da ya yi kamar mil 20 sai ya ga abin mamaki. Dama da hagun ƙasa ta yi kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa da masara, sai ka ce damina ta manta da wani kayanta a nan ba ta kwashe ba. Wannan ita ce ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, inda a ke noman rani da ruwan Tiga.

Tsofaffin wurin sun san lokacin da ba haka abin ya ke ba. A da, in kaka ta wuce, an kai amfani rumbu, sai samari su ɗaure kaya su tafi cin rani. Wanda ya zauna kuwa, in yana da fadama, ya kan kafa jigo a bakin rafi, ya yi ta ɗiban ruwa guga guga domin 'yan fangulan albasarsa. Aiki ne mai wuya, amfaninsa kuma ba shi da yawa. Amma fa jigon nasa ne, gugan nasa ne, in igiya ta tsinke shi kaɗai ya yi hasara, maƙwabcinsa yana can yana ta ban ruwansa.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare kogin Kano a Tiga, aka gama ginin madatsar a 1974. Ruwa ya kan taso daga can ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma. Kowane reshe ya haifi ƙanana, ƙananan su ma su haifi nasu, har ruwan ya iso bakin gonar mutum, babu injin da ke tura shi, gangare kawai ya ke bi. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke lura da shi. Da wannan ruwa dubban magidanta suka daina cin rani, aka yi rufin kwano, aka aurar da 'ya'ya, wadansu har suka sauke farali. Manyan motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan suna kai wa Ikko.

To, amma arziki bai zo shi kaɗai ba. Jigo dubu sun koma ƙofa ɗaya. Abincin mutanen da ba su san juna ba, ba su kuma taɓa gaisawa ba, yanzu ya rataya ga magudana guda, in aka rufe ta a sama sai kowa ya ji a jikinsa a ƙasa. Haka kuma zaman duniya duka ya koma a wannan zamani. Gari guda yana sha daga famfo ɗaya, ƙasa guda tana samun haske daga waya ɗaya, kuɗin miliyoyin mutane yana kwance cikin injuna waɗanda masu kuɗin ba su taɓa gani ba.

Masu rubuta littattafan leƙen asiri a ƙasashen Turawa sun lura da wannan, sai suka mai da shi jarinsu. A da, ɗan leƙen asiri na cikin labari, irin James Bond wanda Ian Fleming ya fara ba da labarinsa a 1953, ya kan sa ƙaramar bindiga a aljihu, ya sake kama, ya ƙetare iyaka, ya tsaya gaban abokin gabansa ido da ido. Mugun labaran yanzu ba ya barin ɗakinsa. Yana zaune gaban kwamfuta a wata ƙasa, ya taɓa nan ya taɓa can, sai fitilun birni su mutu, famfo ya ƙafe, jiragen ƙasa su tsaya. A 2012 wani mutumin Ostiriya, Marc Elsberg, ya fitar da littafi mai suna Blackout, inda wadansu masu kutse suka kashe wutar lantarkin Turai har kwana da kwanaki. A 2018 kuma Bill Clinton, wanda ya taɓa zama shugaban Amurka, ya haɗa kai da marubuci James Patterson suka yi wani, The President Is Missing, a kan wata cutar kwamfuta da aka shirya domin ta shafe abin da ke cikin injunan Amurka baki ɗaya. Irin waɗannan labaru sun cika majigi, samari kuma suna kallonsu a wayar hannu har a ƙauyukan Bunkure.

A ɗauki misalin wani saurayi wanda ya dawo hutu daga makaranta da irin wannan labari a kansa. Ya sami kakansa a bakin gona da la'asar, yana jiran ruwa ya iso. Ya gaishe shi, ya tsuguna, ya ce, "Baba, ka san mutum zai iya zama a bayan teku ya rufe ruwan nan, ba tare da ya taka ƙasar Kano ba?" Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, ka fara shan wani abu ne a makarantar? Ƙofar da na ga ana murɗawa da hannu, ƙato yana gumi, ita ce wani zai rufe daga bayan teku?"

Tsohon yana da gaskiya a kan ƙofar da ke gabansa, gama ƙarfe ne da dunƙulen hannu, ba ta jin kiran kowa sai wanda ya tsaya a kanta. Yaron kuma bai yi ƙarya ba a kan ƙofofin wadansu ƙasashe. A can an sa wa ƙofar ruwa inji, an haɗa injin da intanet, domin ma'aikaci ya buɗe ya rufe yana zaune a ofis, kamar yadda a ke aika kuɗi ta waya. Injin nan bai san fuskar maigidansa ba. Kalmar sirri kawai ya sani, duk wanda ya faɗe ta daidai, to, shi ne maigida.

Abin ya auku ba sau ɗaya ba. A 2013 wadansu masu kutse, waɗanda hukumar Amurka ta ce daga Iran su ke, suka shiga injin wata ƙaramar madatsa a Rye Brook, kusa da birnin New York. Ba su sami buɗe ƙofar ba, don an riga an cire ta daga jikin injin saboda gyara. A ranar 23 ga Disamba 2015, cikin tsananin sanyi, ma'aikatan lantarki a yammacin Yukren suna zaune sai suka ga injunansu suna aiki su kaɗai, wani hannu da ba a gani yana kashe tasha bayan tasha, har gidaje da ma'aikatu fiye da 200,000 suka shiga duhu. A watan Afrilu 2025 kuwa, a Bremanger ta ƙasar Norwe, aka buɗe bakin wata madatsa daga nesa, ruwa ya yi ta zuba lita 500 kowace daƙiƙa, watau jarka 20 ta masu garuwa kafin mutum ya ƙifta ido, har awa 4 kafin a gane a rufe. Allah ya kiyaye, ba a yi hasarar rai ba.

Ga inda tambayar ta ke. Mutumin da ya zauna a ɗaki ya taɓa inji, bai ɗauki makami ba, bai ga jini ba, bai ji kukan kowa ba, shin laifinsa ya kai na wanda ya shiga gari da takobi? Ko kuwa nisa yana rage nauyin laifi, kamar yadda ya ke rage ƙarar ganga?

Mai kare shi ba zai rasa abin faɗi ba. Zai ce shi da gwamnati ya ke faɗa, ba da talakawa ba. Zai ce bai san akwai jariri a asibiti wanda numfashinsa ya rataya ga wutar nan ba, bai kuma nufi kowa da sunansa ba. Zai ce abin da hannunsa ya yi bai wuce taɓa ɗan maɓalli ba, sauran duk inji ne ya yi.

Malaman fiƙihu sun amsa wannan tun kafin a san lantarki. Sun yi magana a kan mutumin da ya haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a, ba da izini ba, ya yi tafiyarsa. Da dare wani makaho ko jakin wani ya faɗa ciki. Mai haƙar yana gida yana barci, bai tura kowa ba, bai san ma wanda ya faɗa ba. Duk da haka shari'a ta ɗora masa lamuni, don ya san hanya ce, ya san kuma hanya ba ta rasa mai bi. Rashin sanin sunan wanda zai faɗa bai wanke shi ba, gama ya san lalle wani zai faɗa. Haka wanda ya kashe wutar gari ya san a garin akwai asibiti, ko da bai san ɗakin da jaririn ya ke ba. Zancen faɗa da gwamnati kuma bai tsaya ba, domin manyan gwamnati suna da injin wuta a bayan gida da rijiyar burtsatse a tsakar gida. Tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara su ke kwana da yunwa. Mutanen Maiduguri sun ga wannan a 2021, sa'ad da 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara, suka sake fasawa, birnin ya yi watanni cikin duhu.

Ko a fagen yaƙi, inda kisa ya halatta, an sa iyaka. Sayyidina Abubakar, Allah ya yarda da shi, da zai sallami rundunar da ta nufi Sham, ya hana su sare itatuwa masu 'ya'ya da rushe wuraren da mutane ke zaune. A 1977 kuma ƙasashen duniya suka ƙara wani babi ga dokokin yaƙi na Janiba, wanda ya ba da kariya ga madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa da ruwan shan jama'a. Dalilin ɗaya ne: abin da kowa ke ci daga gare shi, in aka taɓa shi, ba a iya zaɓen wanda zai ji ciwo.

Ashe nisa bai rage kome daga nauyin laifi ba. Abin da ya rage shi ne wuyar aikata shi, nan kuwa haɗarin ya ke. Allah ya sa wa ɗan Adam wani linzami a ido. Mutum ya kan fito da niyyar mugunta, ya tarar da wanda zai cuta yana wasa da ɗansa, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya koma. Ɓarawo ma ya fi son dare, ba don tsoron kamu kaɗai ba, har da gudun kada ya haɗa ido da mai kaya. Injin zamani ya cire wannan linzami. Mai kutse yana ganin lambobi ne suna sauyawa a gaban gilashi, ya gama ya tashi ya sha shayinsa, zuciyarsa ba ta ce masa kome ba.

Har zuwa nan littattafan nan sun faɗi gaskiya. Inda suka karkace shi ne wurin nuna mai laifin. Kullum baƙo ne, mai wayo kamar aljani, yana can wata ƙasa mai nisa. Kullum kuma akwai jarumi guda, wanda zai bi sawunsa ya kama shi ana saura daƙiƙa kaɗan duniya ta tashi. Mai karatu ya rufe littafi ya yi ajiyar zuciya, yana jin shi kansa wankakke ne, gama shi ba baƙo ba ne, ba ya kuma da kwamfuta. Mai sayar da littafi ya san abin da ya ke yi, domin babu wanda zai ba da kuɗinsa ya sayi labarin da zai nuna shi da yatsa.

Labaran gaskiya ba haka su ke tafiya ba. A shekarar 2000, a gundumar Maroochy ta ƙasar Ostareliya, ƙazantar gari kimanin lita 800,000 ta malala cikin rafuka da wuraren shaƙatawa, kifaye suka mutu, wari ya hana mutane sakat. Da aka kama mai yin abin, sai aka tarar mutum ne wanda ya yi aiki a kamfanin da ya kafa injunan da kansu. Ya nemi aiki a hukumar gundumar ba a ba shi ba, sai ya riƙa yawo a motarsa da kwamfuta da rediyo yana ba injunan umurni. Aka ɗaure shi shekara 2. Da ɗan gari a kan ci gari. Madatsar Norwe kuwa, masu bincike sun ce kalmar sirrin da aka sa mata ce ba ta da ƙarfi, watau an rufe ƙofar taska da ƙullin zare. A Yukren ma ba wani jarumi ne ya komo da wuta ba. Ma'aikata ne suka shiga motoci cikin sanyi, suka bi tasha tasha suna mai da wuta da hannu, cikin 'yan awoyi haske ya dawo. Da a ce an riga an sallami waɗanda suka iya aikin hannu, don an ga inji ya wadatar, da duhun ya daɗe.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san labarin mutanen Saba'i na ƙasar Yaman, masu gonaki dama da hagun, waɗanda suka bar godiya, aka sako musu ambaliyar madatsarsu. Madatsar nan ta Ma'arib ta yi fiye da shekara 1,000 tana aiki, in ta tsage a taru a gyara, har ta rushe rushewar ƙarshe a ƙarni na 6 na Miladiyya. Hukunci na Allah ne, amma ya kan sa wa kowane abu sanadi, malaman tafsiri kuwa da yawa sun ce sanadin ɓera ne, wanda ya yi ta sassaƙar gindin ginin. Abin lura a nan, ba rundunar wani sarki aka ambata ba. Ɓera kuma ba ya rushe madatsa a dare ɗaya. Ya daɗe yana aiki, ƙasar da ya ke turowa tana nan a fili, mutane suna wucewa suna gani, kowa yana cewa akwai masu gyara.

Ba sai an je Yaman ba. A watan Agusta 1988 madatsar Bagauda, wadda ke nan kusa, ta fashe bayan ruwan sama mai yawa, ta yanke hanya, ta ci gonaki da gidaje. A watan Satumba 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Babu mai kutse a cikin ko ɗaya. Ruwa ne ya yi yawa, gini ya kasa.

To, a komo bakin magudana a ƙasar Kura, a duba ko akwai mai cutar wanda ba ya gani. Ga manomi wanda Allah ya sa gonarsa a sama, kusa da inda ruwa ke fitowa. Ranar ba tasa ba ce, amma shinkafarsa ta fara laushi. Da dare ya yi ya fito da fartanya, ya tare magudana da buhunan ƙasa, ko ya fasa gefenta, ruwa ya kwana yana shiga gonarsa har ya yi ambaliya ya bi hanya. Da safe ya dubi gona, ransa ya yi fari. Can ƙarshen magudana, tafiyar awa guda ko fiye, akwai wani wanda ya ci bashin taki da iri, ya kwana a gona yana jiran ruwan da bai zo ba. Na sama bai san shi ba, bai ji abin da ya faɗa wa mai bashi ba, bai ga idon matarsa ba. Da a ce gonakinsu suna haɗe, suna gaisawa kowace safiya, da kunya ta hana shi. Tsawon magudana ya yi masa abin da intanet ke yi wa mai kutse.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai riƙe da mabuɗin ƙofa wanda a kan sa wa wani abu a aljihu, ya ƙara wa wannan ya rage wa wancan. Akwai mai kwance ƙarfen ƙofa da dare ya kai wa 'yan gwangwan, ya sayar da abincin ƙauye guda a kan kuɗin da ba zai kai shi mako ba. Akwai mai wanke tankin feshin maganin ƙwari a cikin ruwan da yara ke wanka a ƙasa. Akwai kuma mafi yawa, waɗanda ba su fasa kome ba, ba su saci kome ba, sai dai in an kira gayyar yashe magudana da cire kacala kowa ya ce yana da uzuri, har laka da ciyawa su shaƙe hanya, ruwa ya kasa kai wa na ƙarshe. Da magudanai suka lalace ƙwarai, sai da gwamnatin tarayya ta karɓo rance daga Bankin Duniya a 2014 domin gyaran wannan aiki da wadansu irinsa, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, don manoma su riƙa lura da ƙananan magudanai da kansu. Rance kuwa biyansa a ke yi, har da waɗanda ba su taɓa cin tumatirin Kura ba.

Shari'a ba ta bar wannan ba ma. An san hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan ruwan kwarin Madina: na sama ya fara shayar da gonarsa, in ruwa ya kai idon sawu sai ya sake shi ga na ƙasa da shi. An ba na sama haƙƙin farawa, an kuma sa masa ma'auni a jikin ƙafarsa, inda ba zai ce bai gani ba.

Lalle mai karatu zai ce, wannan gwadi ya yi tsanani. Yaya za a haɗa talaka mai tsoron shinkafarsa ta ƙone da ɗan ta'adda wanda ya tashi da nufin halaka gari? Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa za a ture ta ba. Ana auna aiki da niyyar mai shi. Wanda ya nufi ɓarna don ɓarna, ko don ya firgita jama'a, ko don ya karɓi kuɗin fansa, kamar waɗanda suka sa aka rufe babban bututun man Colonial a Amurka a watan Mayu 2021 har aka biya su fiye da dala miliyan 4, ba a ajiye shi a layi ɗaya da wanda tsoron talauci ya tura. Alƙali ba zai yi musu hukunci ɗaya ba, jama'a ma ba za su dube su da ido ɗaya ba. Sau da yawa ma manomin nan ya tare ruwa ne don an saɓa masa alkawari, ranarsa ta zo ruwa bai zo ba, sai ya koyi cewa wanda ya bi doka shi ke hasara.

Amma tumatirin na ƙarshen magudana bai san niyya ba. Ya bushe, ko wane ne ya tare ruwan, bashin taki kuma yana nan. Niyya tana bambanta zunubi da zunubi a wurin Allah, tana bambanta hukunci da hukunci a gaban alƙali, ba ta mayar wa wanda aka cuta abin da ya rasa. Uzurin da su biyun ke kawowa kuma iri ɗaya ne, in an saurara da kyau: ban ga kowa ba, ban nufi kowa ba, ɗan abu kaɗan na taɓa. Wanda ya ƙi karɓar wannan uzuri daga bakin baƙo na bayan teku, da wace hujja zai karɓe shi daga bakin kansa?

Har na ƙarshen magudanar ma bai kuɓuta daga tambayar ba, gama shi ma na sama ne ga wani. Ruwan da aka tare a Tiga, da wanda aka tare a Challawa a 1992, da can ya kan gangara kowace damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, masunta su kama kifi, manoma su shuka shinkafa, makiyaya su sami ciyawa in ya janye. Bayan madatsun nan ambaliyar ta ragu, ruwan da ke tafiya rani da damina kuma ya ba kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wadansu wurare suka bushe, wadansu suka nutse. Ba manomin Kura ne ya gina Tiga ba, ba kuwa za a ce ya bar noma ba. Sai dai duk ruwan da ya bari ya malala a banza a kan hanya, daga rabon wani masunci ne na Nguru wanda ba za su taɓa haɗuwa ba.

Saboda haka ba a ce a ƙone littattafan leƙen asiri ba, ko a hana yara kallon majiginsu. Akwai aiki guda da nagarinsu ke yi. A cikin Blackout, abin da ya fi zama a ran mai karatu ba wayon masu kutsen ba ne. Marubucin ya bi wayar lantarki gida gida, ya nuna waɗanda ke rataye a jikinta: majiyyata a asibiti, tsofaffi a dogayen benaye da famfo ya ƙafe musu, direbobi a gidan mai inda injin ba ya zuba, har shanun da aka saba tatsa da inji, waɗanda suka yi ta kuka da ciwon hantsa babu mai tatsarsu. Ya sa wa lambobi fuska. Mai karatun da ya koyi wannan, ya dawo ya bi magudanar ƙauyensu da irin wannan ido, kuɗin littafinsa bai faɗi ba. Wanda kuwa ya koyi tsoron baƙo kaɗai, ya kwana yana gadin gabas, ɓera yana aiki a yamma.

Tsohon nan da jikansa ba su tashi daga bakin gona ba sai da ruwa ya iso. Yaron ya ga kakansa ya jera bututan roba fiye da yadda aka yarda, ya kuma ɗora buhu biyu a cikin magudana don ruwa ya taru. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, wa ke da gonar ƙarshe a wannan layin?" Tsohon ya ce, "Ina zan sani? Layin nan ya yi nisa." Yaron ya ce, "In ka yarda, gobe in ɗauki kekenka in gano."

Da gari ya waye ya hau keke ya bi gefen magudana. Tun yana ganin ruwa har gwiwa, ya koma ganinsa har idon sawu, ya koma laka, daga nan sai busasshiyar ƙasa wadda ta tsattsage. A nan ya sami wani magidanci da 'ya'yansa biyu, suna jido ruwa a jarka daga wani kududdufi suna zuba wa tumatir gindi gindi. Ya yi musu sannu da aiki, ya tambayi sunan mai gonar da na mahaifinsa, ya juyo.

Ya tarar da kakansa a zaure bayan azahar, ya faɗa masa abin da ya gani, ya faɗi sunan. Tsohon ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗan wane? Na unguwar gabas?" Yaron ya ce, "Shi fa, Baba." Tsohon ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Allo ɗaya muka yi da ubansa. Ni na riƙe masa kai ranar da aka yi masa aski."